Shekarar da Na Kayar da Yayarku a Jarrabawar Saurare

Maganganu biyu suke yawo a kaina tun kafin gemuna ya yi fari, kuma dukansu sun shigo gidan nan sun sami tabarma sun zauna. Ta farko, wai ni mutum ne mai busasshiyar zuciya, na kayar da 'yar cikina a jarrabawa ban ko ƙifta ido ba. Ta biyu, wai daga baya na lanƙwasa jarrabawar don ta haye, shi ya sa aka karɓe darasin daga hannuna. Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Hamsatu na ji ta biyun da kunnena a bakin wani baƙo, bai san ni ne tsohon da ke bayansa yana fama da goro ba. Ban tanka masa ba, don ba ya bina bashin bayani. Ku kuwa 'ya'yana ne, kuma a lokacin wasunku suna firamare, Auta ma yana goye. Saboda haka zan faɗa muku yadda abin ya faru, har da inda ban fito da kyau ba.

Kun san yayarku ita ce 'yar farina, kun kuma san yadda muka tashi a Arewa. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma mu a wurinmu ado ce. Ni na riƙe tawa da hannu biyu, har na wuce inda aka ce a tsaya. Ana yaye ta aka kai ta Matankari wurin mahaifiyata, wadda duk kuke kira Inna, can ta girma. Idan sun zo mana ita da Inna, ina da saƙo gare ta, uwarku nake gaya wa, ita ma da yake tata kunyar ba ta bar ta ba sai ta gaya wa Inna, saƙo ya yi tafiya mai nisa kafin ya isa ɗaki na gaba. Idan ta zo gaishe ni takan durƙusa, kai a ƙasa, ni kuma ina kallon bango. In ce ina kwana, ta ce lafiya lau. In ce ina gajiya, ta ce babu gajiya. In ce ya karatu, ta ce da godiya. Gaisuwarmu tana da jeri kamar karatun allo, wanda ya haddace ba ya buƙatar jin tambaya kafin ya ba da amsa. Wannan ban gane shi ba sai da na tsufa.

Aikina a lokacin koyar da Ingilishi ne a jami'a, can babban birni, ku kuna nan Dogon Dutsi ina zuwa ƙarshen wata da lokacin hutu. A sashenmu kowa da abin da ya fi ƙwarewa a kai, ni nawa saurare ne. Ɗalibanmu sun zo da Hausa ko Zabarmanci a baki, da Faransanci a alƙalami, Ingilishi kuwa a littafi kawai suka san shi. Za ka ga yaro ya rubuta maka shafi uku babu kuskure, amma Bature ya tambaye shi hanyar tasha sai ya tsaya yana murmushi. Ni ne mai gyara wannan, kuma ni ne mai auna shi a ƙarshen shekara. Jarrabawata kowa ya san ta. Akan tara ɗalibai a babban zaure, a kashe fanka, a rufe tagogi komai zafi, in ɗora rediyon kaset a kan tebur da sababbin batura. Muryoyin da ke cikin kaset ɗin ni na tara su da yawon ƙafata: wata Baturiya mai aikin sa kai, wani malami daga Gana, wani ɗan kasuwa daga wajen Kabi, don kada kunnen ɗalibi ya saba da murya ɗaya. Kaset yana magana, su suna amsa tambayoyi a takarda. Sau biyu nake sakawa. Ko wani ya yi tari, ko jaki ya yi kuka a waje, babu na uku. Har suna suka sa mini, Mushe Sau Biyu, wato Malam Sau Biyu a bakin 'yan Faransanci, kuma ba zan ɓoye muku ba, sunan yana yi mini daɗi.

Da yayarku ta ci jarrabawar ƙarshen sakandare, uwarku ta sanar da ni cewa Ingilishi take son karantawa. Na ce to, na ci gaba da shan furata, amma ranar sai da na zaga tsakar gida sau uku babu abin da nake nema. Ta zo ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, ta shigo ajina cikin mutane fiye da ɗari. Kullum tana benci na farko, ta gefen haguna. Ni kuma ina jefa idona can bayan aji, sama da kanta. Ba na kiran suna, takarda ce take zagayawa kowa ya sa hannu, saboda haka kunyata ba ta taɓa shiga matsi ba. Ga kuma inda na yi kuskuren aiki. A cikin shekara ba kasafai nake kunna kaset ba, don wuta tana yawan ɗaukewa, kuma ina tattalin kaset ɗin kada su tsufa. Ni nake tsayawa a gaba in karanta musu da bakina, su amsa. A wannan gwajin na aji, in an tara maki, nata yana cikin na sama. Ina gani, ina haɗiye murnata.

Takardun jarrabawar ƙarshe ana naɗe kusurwar da suna yake a manne, mai gyara ba ya sanin ta wane ce. Na gyara duka a ofis. Akwai wata takarda mai tsabtar rubutu da ta ba ni haushi, rabin tambayoyi babu amsa, sauran kuma an cika su da ka-cici-ka-cici. Na ba ta huɗu cikin ashirin, har na rubuta a gefe da jan alƙalami cewa mai wannan takarda bai saurara ba. Ranar da aka ɓare kusurwoyi a gaban malamai, aka karanta sunan mai takardar nan, sai ga na yayarku. Ko rubutun hannun 'yata ban sani ba. Wani abokin aikina ya matso ya ce mini a hankali, tunda duk sauran darussa ta ci, a duba mata. Na ce ban taɓa ƙara wa ɗan wani ba, ba zan fara da tawa ba. A ƙa'idar sashenmu wanda ya faɗi saurare ba ya wucewa aji na gaba, sai ya sake zama a zagaye na biyu bayan damina. In ya sake faɗuwa, shekara ta tafi.

Na iso Dogon Dutsi hutu, an yi shuka hatsi ya fara rufe ƙasa, na tarar da gida kamar an yi rasuwa. Uwarku ta ajiye mini tuwo, ta tsaya a kaina.

"Malam, in ka ƙara mata maki shida, aljannarka za a rage?"

"Ba a taɓa yi ba."

"To ka ji da kyau. Ta ce in ta sake faɗuwa ta bar karatu ke nan. Ba wani sashe za ta koma ba, gida za ta dawo."

"Ƙuruciya ce. Gobe da hantsi ta fito da littafinta."

Uwarku ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta rufe, ta ɗauki tulu ta fita. Na ɗauka fushi ne kawai.

Washegari na kifa turmi a ƙarƙashin bedin tsakar gida, itacen nan da wasu ke kira darbejiya, na ɗora rediyo a kai. Yayarku ta zauna a tabarma, ni a kujera, na ba ta gefe ina kallon akuyar uwarku. Na kunna tsohon kaset, wata mata tana tambayar mai kantin magani yadda za ta sha ƙwaya. Sau biyu. Na karɓi littafin, babu komai sai kalma uku. Rana ta biyu haka. Rana ta uku zuciyata ta hau, kun dai san ni. Ina kallon katanga na shiga faɗa, na ce lalaci ne, na ce an ga uba malami an miƙe ƙafa, na ce wanda ya ci gwajin aji ya kasa na kaset wasa ya sa a gaba. Na tambaye ta ko tana da abin cewa. Shiru. Na sake tambaya. Shiru. Da na waiga, kanta yana ƙasa tana gyara bakin alƙalami, hankalinta kwance. Na ɗauka raini ne. Na buga hannu a kujera har rediyo ya faɗo daga turmi, ta zabura ta dube ni, idonta ya cika da hawaye. Uwarku tana bakin madafa tana kallo. Ashe daga nan ta aika Matankari.

Da hantsin washegari taksin kasuwa ya sauke Inna a ƙofar gida. Ta shigo da sandarta, ko ruwa ba ta karɓa ba.

"Isuhu, an ce mini kana yi ma ɗiyata tsawa."

"Inna, karatu nake koya mata."

"Karatun mi?"

"Saurare."

"Saurare! To zamna, in koya maka naka."

Na zauna. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, amma in Inna ta ce zauna, ƙafafuna ba sa shawara da ni. Yayarku tana bakin rijiya tana wanke kwanoni, ta ba mu baya. Inna ta tsaya bayanta ta wajen dama, taku uku tsakaninsu, ta kira sunanta da ƙarfin da ya sa kaji suka watse. Ba ta motsa ba. Ta sake kira. Hannunta yana ta cuɗa kwano. Sai Inna ta zagaya gabanta, ta taɓa mata kafaɗa, ta motsa leɓɓanta kawai, ko sauti bai fita ba. Yarinya ta yi murmushi, ta ɗauraye hannu, ta shiga ɗaki ta fito da tabarma da ƙwaryar ruwa ta kawo inuwa. Inna ta zauna, ta sha, ta dube ni.

"Ka gani?"

Na gani. 

Inna ta sallami yayarku, sannan ta ba ni labarin da aka ɓoye mini shekara goma sha huɗu. Bazarar da sanƙarau ya shigo garuruwanmu, yayarku tana da shekara shida. Ni ina ƙasar Ingila, an tura ni kwas na shekara guda, kuma abin da na je koyo shi ne yadda ake auna sauraren ɗalibi. Allah ke nan.

"Zazzaɓi ya kama ta, wuya ya ƙage," in ji Inna. "Na ce aljanar nan doguwa ce ta taɓa ta, don an gan ta ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana. Kwana biyu muna turare da jiƙo. Sai rana ta ukku munka aza ta bisa amalanke munka kawo ta likita nan Dutsi. Rai ya tsira. Kunnen dama ya tahi duka, na hagu saura kaɗan. Ni na hana a hwaɗa maka, na sa matarka ta yi mini rantsuwa. Ka ba ni ɗiya da kunne biyu, da wane baki zan ce maka na ɓatar da ɗaya da rabi?"

Na so in yi fushi. Na nemi fushin, na dubi tsohuwa ta dogara da sandarta, sai ya rasa wurin zama. Abin da ya fito daga bakina shi ne, ta yaya duk gida aka sani ni ban sani ba?

"Wa ya ɓoye maka ita? Magana munka ɓoye, ɗiya tana gabanka. Ƙannenta ma sun san sai an taɓa kahwaɗarta."

"Inna, ke kika koya mini kunya."

"Na koya maka kunya. Ban koya maka makanta ba."

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nawa ɗakin shekara goma sha huɗu yana zuba, ina can ina auna kunnen 'ya'yan mutane. Ku da kuke yara kun saba da taɓa kafaɗarta har ba ku ɗauke shi wani abu ba, kuma ba wanda ya taɓa zaton Baba bai sani ba. Na ji kunya a ranar, irin wadda ba ado ba ce.

Da la'asar na sa aka kira ta. Na jawo kujerata na fuskance ta sosai, karo na farko tun tana cikin zanen goyo. Wallahi gumi ya jiƙa mini riga. Na ce mata, mutumin da kunnensa yake haka, me ya kai shi sashen da ake kayar da mutane da kaset? Ga lissafi, ga tarihi. Ba ta sunkuyar da kai ba, don in ta sunkuyar ba za ta san me na ce ba. Bakina take kallo.

"Baba, a gida ba ka magana da ni. A aji kana yin awa biyu kana magana, kuma kana fuskantar gaba."

Ta ga abin ya yi mini nauyi, sai ta ƙara da ɗan murmushi:

"Kuma bakinka ya fi na kowa sauƙin karantawa. Kana buɗe shi da yawa. Ɗalibai har kwaikwayonka suke yi."

Inna ta fashe da dariya daga ɗaki, uwarku ta taya ta. Ni ma na yi, don in ban yi dariya ba wani abu zan yi. Na ɗauko takardar da aka rubuta hirar mai kantin magani, wadda ta kasa kwana uku, na karanta mata da bakina, da saurin da kaset yake yi, ban rage ba. Sau biyu. Cikin tambaya goma ta amsa tara, ta goman ma ni na haɗiye ƙarshen kalma.

Na daɗe ina juya abin a raina. Shekara goma sha takwas ina cewa ina auna fahimtar Ingilishi, ashe wani lokaci lafiyar kunne nake aunawa, wani lokaci kuma nisan benci daga rediyo. Na tuna ɗaliban bayan zaure da suke faɗuwa kowace shekara, ina cewa ba sa karatu. Na koyar da baki da fuska, na yi jarrabawa da akwatin da ba shi da fuska. Ba na cewa kaset ba shi da amfani, akwai waya, akwai rediyo, dole mutum ya iya jin magana ba tare da ganin mai ita ba. Amma wanda Allah ya rage wa ji, ya kuma koyi fahimtar harshe na uku da ɗan abin da ya saura da idonsa, ba a ce masa bai saurara ba. Ni kuwa da jan alƙalami na rubuta mata haka.

Sati na gaba muka hau mota ni da ita zuwa babban birni. Likitan kunne ya gwada ta ya rubuta takarda, abin da Inna ta faɗa shi ya tabbatar. Na ɗauki takardar na shiga ofishin shugaban sashenmu, mutumin kirki ne, tare muka fara aiki. Na roƙi a zagaye na biyu a karanta mata jarrabawar baki da baki, tana ganin mai karantawa, rubutu ɗaya da na kaset, sauri ɗaya, sau biyu. Ya karanta takardar, ya cire tabarau.

"Abin da ka nema daidai ne. Amma kai ne mai darasi, kai ne mai kaset, kai ne uba. Ka san bakin mutane."

"Na sani. Shi ya sa na zo da magana ta biyu. Ka karɓi darasin."

"Na wannan zagayen?"

"Duka. In na ajiye na wata biyu na dawo, za a ce dabara ce. Ka ba Madam Salamatu. Ita ta rubuta sabuwar jarrabawa wadda ban gani ba, ita ta karanta, wani ya gyara. Kuma a manna sanarwa, duk ɗalibin da ya kawo takardar likita a yi masa haka."

Ya ce in je in kwana da maganar. Na ce na riga na kwana da ita sau bakwai. Madam Salamatu ƙaramar malama ce a lokacin, ni na koyar da ita, kuma ta fi ni tsanani, shi ya sa na zaɓe ta. To kun ji. Babu wanda ya karɓe darasi daga hannuna, ni na ajiye shi a kan tebur na fito. Aka ba ni nahawu, darasin da na fi ƙi a duniya, shi na koyar har na yi ritaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya yi mini ciwo. Duk ƙarshen shekara in na wuce babban zaure na ji an kashe fanka an rufe tagogi, sai in ƙara sauri. Kwalin kaset ɗin nan da kuka riƙa zare wa zare kuna wasa, aikin shekara goma sha takwas ne, na bar ku don ba ni da abin yi da su. Da aka manna sanarwa, ɗalibai biyu suka kawo takardar likita ban da ita. Ɗaya daga cikinsu na taɓa kayar da shi sau biyu.

Muka dawo Dogon Dutsi, saura kwana arba'in. Kullum bayan an sha kunu muna ƙarƙashin bedi, kujera tana kallon tabarma. Ina karanta mata labari, hira, sanarwar tasha, bayanin likita, tana amsawa. Wani lokaci in sa uwarku ta riƙe fitilar hannu a bakinta kamar mai magana a rediyo don a yi dariya, wani lokaci in rufe rabin bakina da littafi don kunnen hagu ma ya yi aikinsa. Inna ta ƙi komawa Matankari, ta ce sai ta ga ƙarshen abin da ta ɓata. Tana gefe tana ɓarar gyaɗa tana gyara mana zama, wai in daina ɗaure fuska kada in tsorata mata ɗiya. Uwarku kuwa in ta wuce da tsintsiya sai ta ce, yau ma ana kallon juna? A cikin kwanakin nan na san fuskar 'yata. Na ga tana da girar mahaifina. Na ga wani tabo a haɓarta, na tambaya, ashe daga kan jaki ta faɗo tana shekara tara. Na gane in ba ta fahimci abu ba takan ɗan karkata kai hagu, in ta fahimta kuma hancinta yakan motsa kafin ta yi murmushi. Amma duk da haka, in zan fara sai in ce, ke, shirya. Sunan bai fita ba. Yakan zo har maƙogwaro ya koma.

Ranar jarrabawa ban taka harabar jami'a ba. Na zauna wurin wani mai shayi nesa da ƙofa, na sha kofi uku ban ji ɗanɗanon ko ɗaya ba. Ta fito ta ce Madam Salamatu ba ta buɗe baki kamar ni, kuma ba ta yi mata murmushi ko sau ɗaya ba. Na ce haka ake so. Washegari ta hau mota ta dawo gida, ta ce ba za ta iya jiran sakamako a can ba. Bayan kwana takwas aka manna takarda a allo. Na shiga cikin ɗalibai ina turawa ana tura ni, babu wanda ya ba Mushe Sau Biyu hanya, na bi jerin da yatsa har na same ta. Goma sha uku cikin ashirin. Ba ni na rubuta ba, ba ni na karanta ba, ba ni na gyara ba. Na tsaya a wurin har wani ɗalibi ya ce, Mushe, in ka gama mu ma mu duba.

Na iso gida da la'asar sakaliya. An fara yankan hatsi, tsakar gida cike da damma, mata suna sussuka. A al'adata sai in shiga ɗaki, in kira uwarku in gaya mata, ita ta gaya wa Inna, Inna ta gaya wa mai abin. Har na nufi ɗakin. Sai na tuna a jami'a ba a faɗin sakamako da ke ko kai. Suna ake kira, sannan maki. Na ajiye jakata a kan turmi, na zagaya na tsaya a gabanta. Tana riƙe da faifai, ƙaiƙayi a girarta. Taɓarya ta tsaya. Na buɗe bakin nan nawa da ɗalibai suke kwaikwayo.

"Ramatu. Goma sha uku. Kin wuce."

Uwarku ta ce la'ilaha illallahu, ta rufe fuska da gefen zane. Inna ta ce boko ya gama cinye wa yaron nan kunya, tana faɗa tana share ido da bayan hannu. Ramatu ba ta yi guɗa ba, ba ta tambayi makin ba. Ta ajiye faifai a hankali, idonta a kan bakina.

"Baba, sake faɗa."

"Goma sha uku."

"Ba shi ba. Na farkon."

"Ba ki gane ba ne?"

"Na gane. Amma a ƙa'idarka sau biyu ake sakawa."

Na faɗa na biyu. Ta tsaya tana jira, kai a karkace hagu, hancin yana motsi. Shekara goma sha takwas ban taɓa saka wa kowa na uku ba, ko ɗan gwamna ne. Ranar na faɗa sau uku, a gaban uwata, da ƙarfin da har maƙwabta suka ji.